Man Gyaɗa a Fiffiken Shamuwa

Ƙarar murfin gwangwani ce ta fara komai. Ina da wani gwangwanin man gyaɗa a madafa, irin wanda sai an sa gindin cokali an ɓamɓari murfinsa, ya ce ƙwas. Na san wannan ƙarar kamar yadda na san tarin 'yata. Wata Alhamis na idar da sallar asuba, gari ya fara wayewa, ina zaune ina jan carbi, sai na ji ƙwas daga madafa. Ni kuwa ban tashi ba, ban kuma aiki kowa ba.

Na ɗaga gefen asabari na leƙa. Surukata ce, mahaifiyar maigidana, wadda duk gidan muke ce wa Inna. Ta tsiyaye man a wata 'yar kwalbar magani, bai fi cokali uku ba, ta toshe bakinta da tsumma, ta ƙulle a haɓar zane. Ta mayar da murfin, ta danna shi da tafin hannu don kada ya sake yin ƙara. Can kuma na ji ta tashi jikarta, 'yata ta fari, mai shekara huɗu a lokacin. Tana ce mata ta tashi malalaciya, yarinyar na cewa ita ce dai tsohuwa ba ta barci, har suka fice.

Ba man ne ya dame ni ba. Gidan ɗanta ne, da ta ce in ba ta gwangwanin duka da na kai mata har ɗaki. Ɓoyewar ce ta tsaya mini a rai.

Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, ana dai ta maganar tafiyar tasu. Muna zaune a Jibiya, can gefen gari ta wajen mashigar iyaka, don a nan maigidana yake aikin malanta. Ni 'yar birnin Katsina ce, gidan malamai. Na sauke Alƙur'ani, aka kuma bar ni na yi makarantar 'yan mata ta kwana har sakandare, abin da ba kowane uba yake yarda da shi ba a zamanin. Karatu biyu ke nan a kaina, kuma gaskiya ina ji da su, ko da yake da an tambaye ni a lokacin sai in rantse ba ni da girman kai. Gidan da aka kawo ni gidan maƙera ne. Uban mijina maƙeri ne, ya rasu tun kafin a yi aurenmu. Maigidana shi ne auta, boko ta ɗauke shi, ko zuga wuta bai iya ba.

Tambayar Inna kai tsaye ba ta taso ba. Shekara biyar muna gida ɗaya ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa haɗa ido da ita ba, in zan yi mata magana sai na durƙusa. Don haka na jira suka dawo da hantsi, na ja yarinyar ɗaki. Hannuwanta duk maiƙo, ga warin ƙarfe. Na tambaye ta ina suka je, ta ce wurin tsuntsu. Na ce me suka yi a can, ta ce Kaka ta shafa masa mai, ita kuma ta tsinci tsamiya. Duk Alhamis ɗin da nake zaton gaisuwar dangi suke zuwa, ashe can suke nufa.

Na san tsuntsun, kowa a Jibiya ya san shi. A daidai inda ƙasar Ingilishi ta ƙare ta Faransa ta fara, akwai wani fili da ake ce wa lambun iyaka. Ba lambun kayan miya ba ne. Itatuwan tsamiya ne da dalbejiya, da rijiya, da dakalai na ƙasa inda matafiya ke zama kafin a gama duba kayansu, da yamma kuma mutanen gari su je shan iska. A tsakiyarsa akwai turken ƙarfe da bai wuce gwiwa ba, a kan turken kuwa shamuwa ce ta ƙarfe tsaye bisa dogayen ƙafafunta, ta ɗan buɗe fikafikai kamar yanzu ta sauka. Fiffike ɗaya yana kudu, wajenmu, ɗaya yana arewa, wajen Faransa.

Maigidana ya taɓa ba ni tarihinta, yana 'yar dariya, don ba ya son zancen ƙira. Ya ce farkon zuwan Turawa ne, suka zo da sarƙar awo da jakuna, suka bi ta gonakin mutane suna kafa turaku, suna cewa daga nan zuwa can na wane ne. Makiyaya ba su ga amfanin turke a daji ba in ba ɗaure dabba ba, sai suka riƙa ɗaure maruƙa a jiki. Wani Bature ya sa aka share wurin aka yi dakalai, ya kira maƙerin gari, wato surukina, ya zana masa wata dabba ta ƙasarsu a takarda, ya ce a ƙera a ɗora bisa turken don a riƙa ganin girmansa. Surukina ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce shi bai taɓa ganin wannan dabba ba, abin da idonsa ya sani zai yi. Ya aika ƙauyukan ɓangaren nan da na can, har su Bugaje da Riko, a tattaro masa matattun kayan noma. Da bakunan fartanyoyin da suka cinye ya jera gashin fikafikai, ɗaya bisa ɗaya. Garma ce ƙirjin. Lauje biyu ya miƙar ya yi baki. In ka matsa kusa za ka ga kowane gashi da irin cinyewarsa, wani ta hagu wani ta dama, gwargwadon hannun manomin da ya yi aiki da shi. Wai Baturen ya daɗe yana zagaya ta, sannan ya ce a bar ta haka. Da aka tambayi surukina me ya sa shamuwa, sai ya ce ita ce ke zuwa kowace shekara gaban damina ta sauka inda ta ga dama, ba mai tambayarta takarda.

Abin da maigidana bai haɗa mini da wannan labari ba, don shi ma bai taɓa haɗa su ba, shi ne zancen wansa.

Inna tana da ɗa na fari, ya girmi maigidana da shekara ashirin da wani abu. Da aka yaye shi aka ba ƙanen ubansa riƙo, kamar yadda ake yi da ɗan fari, a wani ƙauye da ke arewa, tafiyar rabin yini. Bai shekara a can ba turken nan ya shiga tsakani. Yaro ya tashi a ƙasar kumandan, wato ta Faransa, ya zama maƙeri, ya yi iyali. Shigowa sai da takarda, ga jandarma, ga 'yan duwan masu duba kaya, shi kuwa mutum ne da ba ya son tsayawa gaban mai kaki. Sau ɗaya yake zuwa a shekara, da babbar sallah. Muna ce masa Yaya.

Zuwan nasa ma tausayi yake ba ni. Da Inna ta ji sallamarsa sai ta shige ɗaki ta saki labule. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa da kalma biyu, shi ke nan har ya koma. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, in ta kama dole sai ta ce "na can". Na san al'adar, kunyar ɗan fari ce, mahaifiyata ma ta yi wa yayanmu. Amma a ganina na lokacin, wanda ya shekara hamsin yana rufe abu, abin ya riga ya mutu a ciki. Har na ɗaukar wa kaina alkawari ba zan yi wa tawa haka ba. Ina kiran 'yata da sunanta, ina ɗora ta a cinya gaban mutane, Inna ta kau da kai kamar ta ga na fito ba ɗankwali.

Alhamis ta gaba na nemi izinin zuwa barkar haihuwa a unguwar bakin hanya, na bi bayansu daga nesa. Da suka shiga lambun na laɓe a bayan wata tsamiya. Bayan Inna kawai nake gani sosai. Ta ɗora hannu a jikin ƙarfen, ta daɗe tsaye. Sai na ga ta ɗaga hannun ta kai fuskarta, ta riƙe shi a nan. Sannan ta kwance kwalbar ta shiga shafa mai da tsumma, gashi bayan gashi, tana bi da gefe har na hango leɓunanta na motsi.

Tun ina yarinya nake jin ana cewa maƙera na da tsofaffin asirai, suna wasa da wuta, suna da abin da suke yi wa yanka. To ga sura mai kama da mai rai, ana shafa mata mai, baki na motsi, an kuma kai hannu fuska. Ban bar wa zuciyata wata ƙofa ba. Barkar da na je, ban san me na ce wa maijegon ba.

Ina so a fahimce ni, ba ƙin Inna nake yi ba. Matar nan ta yi jinyata lokacin da zazzaɓi ya kusa tafiya da ni, ta dama mini kunun tsamiya, ta riƙa goge mini baya da hannunta mai kaushi. Kuka na yi sosai ranar da na bi bayansu. Tsohuwa ce, kwanan da suka rage mata ba su kai na baya ba, in ta mutu a kan wannan fa? Na faɗa wa maigidana. Ya ce don kada tsatsa ta ci aikin mijinta take yi, in ƙyale tsohuwa. Na ce to motsin bakin fa, da shafar fuskar? Ya ce ko ma mene ne, shi ba zai iya buɗe baki ya yi wa mahaifiyarsa wa'azi ba.

Sai na yi irin tawa dabarar, wadda har yau in na tuna ta nakan ji kamar in nutse. Ranar Laraba bayan la'asar Inna na zaune a inuwar rumfa tana kaɗi. Na shimfiɗa tabarma nesa kaɗan, na zaunar da yarinyar da allonta, kamar karatu za mu yi. Na biya mata layi biyu, sannan na ɗaga murya na shiga ba ta labarin mutanen da can, masu ƙera abu da hannunsu, su shafe shi da mai, su shafa a fuska suna neman albarka. Na faɗi makomarsu, ban rage komai ba. Na ƙara da cewa wanda furfura ta fito masa shi ya fi cancanta ya ji tsoro. Yarinya 'yar shekara huɗu, tana wasa da yatsun ƙafarta, me ta sani? Ni na san da wa nake, wadda nake da ita ma ta sani.

Mazarin da ke ta juyawa yana zirr ya tsaya. Ban waiwaya ba. Can ya ci gaba da juyawa. Kafin magariba na ɗauke gwangwanin daga madafa, na sa a akwatina na kulle.

Washegari Alhamis ba ta fita ba. Ba ta ce mini komai ba, ba ta canza mini fuska ba, na gaishe ta ta amsa har da sa albarka. Man cokali uku ba zai gagare ta a maƙwabta ba, na san ba rashin mai ne ya zaunar da ita ba. Yarinyar ta dame ta su tafi wurin tsuntsu, ta ce ƙafarta ke ciwo. Na lura ta rage cin abinci, takan zauna fuskarta arewa, auduga a hannu ba ta kaɗawa. Na ce a raina nadama take yi, na gode wa Allah da ya sa na zama sanadi. Alhamis uku suka wuce haka.

Ƙarshen bazara ne. Shamuwoyi na gaske sun iso, suna ta jidar ƙirare suna sheƙa a tsamiyar bayan gidanmu. Hadari ya haɗu gabas, ya yi ɗan yayyafi, ya watse. Lokaci ne da maƙeri ba ya samun sukunin shan ruwa, don kowane manomi yana son kayan aikinsa kafin ruwan shuka.

Ranar Juma'a bayan la'asar, maigidana na gida, sai ga mutum ya faɗo mana, sallamarsa da shigowarsa lokaci ɗaya, bai tsaya a zaure ba. Yaya ne. Walkinsa na ƙira na jikinsa, ƙafafunsa duk yashin gulbi, don ta can ya zagayo, ba shi da takarda. Ga ƙunshi a hammatarsa. Mata uku na maƙwabta suka biyo shi, sun ga yadda yake tafiya sun ɗauka mugun labari ya kawo.

Inna na tsakar gida tana tsinke zogale a faifai. Ba ta sami damar tashi ba. Suka haɗa ido, uwa da ɗa, karo na farko da na taɓa gani. Ƙunshin ya suɓuce masa ya faɗi ya kwance. Farin yadi ne sabo, ya warware a ƙasa har gaban faifan, ga ƙullin turare, ga ganyen magarya. Duk wanda ya taɓa shiga gidan mutuwa ya san likkafani da kayan wanka in ya gan su.

Maigidana ya miƙe, ya ce Yaya lafiya, wa ya rasu. Yaya ya durƙusa inda yake. Bai sake kallon Inna ba, ƙanensa ya fuskanta.

"Fiffiken wajenku ya bushe," in ji shi. "Yau Juma'a ta ukku ina iske shi busasshe, har tsatsa ta fara hawa. Tun da Baba ya rasu bai taɓa bushewa ba. Na ce ko dai tsohuwa ta kwanta, ko ta wuce an rasa mai gaya mani."

Maigidana ya ce wane fiffike. Da Yaya ya yi shiru a nan da asiri ya rufu, amma mutumin da ya ratso gulbi da likkafanin uwarsa a hammata ba ya cikin hayyacin auna magana. Ya zayyana duka. Ya ce a da ubansu ne ke shafa wa shamuwar mai, duka fikafikan biyu. Bayan rasuwarsa, wata Juma'a ya biyo hanyar zai ci wata kasuwa ta ɓangarensu da ke kusa da iyaka, ya ratse don ya duba aikin tsohon, ya iske an shafe fiffiken kudu yana ƙyalli, an bar na arewa. Ya tsaya ya yi tunani, ya gane wa ya shafa, ya kuma gane wa aka bar wa ɗayan. Ya sayi man kaɗe a wurin wata mai talla ya shafe shi. Shi ke nan. Ita Alhamis, shi Juma'a, shekara goma sha biyu, ba su taɓa haɗuwa a wurin ba, ba su taɓa yin maganar ba ko da ta bakin wani. In ya ga mai ya san tana nan da ƙafarta. Ya ce yau da ya ga tsatsa ya ƙarasa kasuwa, ya ɗaura walki, ya hura wuta, amma masaba, gudumar ƙira, ta ƙi zama a hannunsa. Ya bar manoma zaune da fartanyoyinsu, ya sayi yadin ya taho.

Sai ɗaya daga cikin maƙwabtan, wata mai son barkwanci, ba da mugun nufi ba, don dai ta ga ba mutuwa aka yi ba hankalinta ya kwanta, ta tafa hannu ta ce, "Ashe Inna ana son ɗan fari a ɓoye. Mu muna nan muna cewa ba irinki a kunya, ashe wasiƙa ake aikawa duk mako." Sauran suka kwashe da dariya.

Inna ta jawo mayafinta ta rufe fuskarta gaba ɗaya. Ta dafa ƙasa ta tashi, ta taka gefen farin yadin ba ta gani ba, ta lallaba bango har ɗakinta. Zogalen ya zube. Ban taɓa ganin babban mutum ya ƙanƙance haka ba.

Yaya ya tambayi abin da ya hana ta zuwa. Maigidana ya dube ni, kallo ɗaya, sannan ya ce ƙafa ce ta matsa mata. Yaya ya juyo wajena, ina durƙushe a bakin madafa, ya ce, "Amarya, sannu da ɗawainiyar tsohuwa. Allah shi ba ki mai yi maki." Na ce amin. Da bakina na ce amin. Na kawo masa ruwa da fura, ya sha ya ƙara sa mini albarka. Da ya nannaɗe yadin zai tafi da shi, Inna ta yi magana daga bayan labule, kamar ba da kowa take ba, ta ce a bar shi, tun da ya zo ai zai yi amfani. A cikin adudunta ya zauna shekara biyu, kuma a cikinsa aka sa ta.

Da baƙi suka watse na buɗe akwati na ɗauko gwangwanin, na je bakin ƙofarta na durƙusa na ajiye. Na ce ta gafarce ni, na yi mata mummunan zato, na bi bayanta a ɓoye, na kuma yi wa'azi a inda ya kamata in yi tambaya.

"Ba komai, ɗiyar malam," ta ce. "Tsoron Allah kika tuna mani, ba a fushi da wanga. Ni dai ban taɓa roƙon ƙarfe ba. Gabana aka ƙera shi, na san fartanyar wa da wa ke jikinsa. Salati nake yi. Da kika faɗa, na ce ke kika yi karatu, ƙila akwai laifin da ban sani ba. Kuma in ce maki mi?"

Na ce to ranar Alhamis ta koma, ni zan zuba mata man da hannuna. Ta ce, "Yanzu kowa ya sani. In na je, kallona za a yi."

Gaskiyarta. Kafin mako ya zagayo labarin ya kai bakin rijiya, ya kai kasuwar Lahadi. Mata suna leƙowa suna tambayar Inna ko an samu amsar wasiƙa. Ba wanda ya zage ta, kowa ma sha'awar abin yake yi, wannan kuwa shi ya fi yi mata ciwo. Rashin faɗinsa ne ya raya abin shekara goma sha biyu. Ba ta sake taka lambun iyaka ba har ta koma ga Allah. Da babbar sallah ta zo, Yaya ya durƙusa a bakin ƙofarta kamar kullum, kalma biyun nan ma da ƙyar ya same su.

Hukuncin ƙera surar tsuntsu na bar wa malamai, ban kai nan ba. Amma hukuncin zato na san shi tun ina 'yar allo, na kuma san na bin diddigin mutum. Na karanta, na haddace, na aikata a cikin wata ɗaya, ina ganin lada nake samu. Maigidana bai taɓa tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya, har muka tsufa. Da ya yi mini faɗa da na fi samun sauƙi.

Larabar da ta biyo bayan zuwan Yaya, na durƙusa na ce mata in ta yarda ni zan je, don kada na can ya sake iske shi busasshe. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Da gari ya waye na ɗaga asabari, sai na ga 'yar kwalbar maganin nan a bakin ɗakina, da tsummanta.

Na nemi izinin maigidana, na cika kwalbar, na kama hannun yarinyar muka tafi. An yi ruwan shuka kwana biyu da suka wuce, ƙasa na ƙamshi, mutane duk sun duƙa a gonaki. Ban taɓa tsayawa kusa da shamuwar haka ba, ashe tsawonmu ɗaya da ita. Fiffiken arewa baƙi wuluk, yana sheƙi. Namu ya yi ja-ja, tsatsa ta bi bakin kowane gashi. Wasu fatake na zaune a dakali suna jiran a duba kayansu, na san kallona suke yi. Na ja mayafi, na cire tsumman na jiƙa shi da mai, na kama fiffiken kudu da sauri-sauri don in gama in bar wurin.

Yarinyar ta bar tsintar tsamiya ta zo ta tsaya tana kallona. Sai ta ja mini haɓar zane.

"Umma, ba nan ake farawa ba. Kaka sai ta fara ɗora hannunta a wancan, ta daɗe, ta sunsuna hannun, ta ce yana nan lafiya. Sannan ta shafa namu."